Ƙofa Mai Naɗewa Kamar Asabari: Yadda Ake Gyara Kabad ɗin Tsofaffin Tirelolin Tafi-da-Gidanka

Mun saba kiran wayar hannu da suna tafi-da-gidanka, amma akwai abin da sunan ya fi zama masa daidai. A Amurka ana ƙera wani ɗaki sukutum mai tayoyi, da gado da kicin da banɗaki a cikinsa, a ɗaura wa mota ta ja shi zuwa wajen yawon hutu. Su ma tirela suke ce masa, sai dai ba irin tirelar dakon kaya da ke bin hanyar Kano zuwa Legas ba ce. Mutane da yawa a can suna sayen waɗanda suka shekara 40 ko 50 a ajiye, su gyara su da hannunsu.

Cikin abubuwan da ke ba masu wannan gyara ciwon kai akwai ƙofofin kabad masu naɗewa. Ƙofar kan cije a rabin hanya, ko sandunanta su rabu su zubo ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawan mutane abin da ke fara zo musu a rai shi ne su ɓalle ta su jefar. A yau za mu ga yadda ƙofar take aiki, inda take lalacewa, da yadda ake ceto ta. Dabarar da aka yi ta da ita ce kamfanonin waya suke kokawa da ita a allon da ke naɗewa, don haka ko ba ka taɓa ganin irin tirelar nan ba, akwai abin ɗauka.

Wace tirela ake magana a kai?

Wadda ta fi suna ita ce Airstream, mai jikin alminiyon mai ƙyalli kamar jirgin sama maras fukafukai. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a Kalifoniya a 1931, kuma tun 1952 yake da masana'anta a garin Jackson Center da ke jihar Ohio. A 1959 Byam ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga Cape Town zuwa Alƙahira. A watan Yulin 1969 kuma, da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka dawo daga duniyar wata, cikin wata Airstream da aka sauya wa tsari aka killace su.

A shekarun 1970 kamfanin ya yawaita amfani da roba da leda mai zanen katako a kayan ɗakin, shi da ƙanwarsa Argosy da aka fara ƙerawa a 1972. A tirelolin wannan zamani ne za ka tarar da ƙofofi masu naɗewa kusan ko'ina: kabad ɗin sama da kai, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, gefen gado, da banɗaki.

Dalilin zaɓen su a fili yake. Faɗin tirelar bai kai mita biyu da rabi ba, ga gado ga kicin, abin da ya rage siririn lungu ne a tsakiya. Ƙofa mai buɗewa waje za ta tare lungun, ta sama kuma za ta iya fasa wa mutum goshi. Ita kuwa mai naɗewa tana shigewa cikin jikin kabad ɗin ne, ba ta cin fili ko kaɗan, ga rashin nauyi.

Yadda ƙofar take aiki

Turawa suna kiranta tambur, daga kalmar Faransanci mai nufin ganga. Dabarar ta tsufa. Teburin rubutu na Sarki Louis na 15 na Faransa, wanda aka kammala a 1769, da murfi mai naɗewa aka yi shi, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 irin wannan tebur ya cika ofisoshin Amurka.

Idan ka san asabari, ka riga ka san rabin labarin. Kowane tsinke na asabari a miƙe yake, ba ya lanƙwasuwa, amma da yake zare ne ya haɗa su, sai ga shi duka yana naɗuwa. Ƙofar tambur sassa uku gare ta.

Na farko sanduna: siraran katako masu kama da rula, an jera su gefe da gefe. A tirelolin shekarun 1970 yawanci ba katako zalla ba ne, matsattsen garin katako ne da aka lulluɓe fuskarsa da leda mai zane.

Na biyu shimfiɗar baya: yadi ko takarda mai ƙarfi da aka manne a bayan sandunan gaba ɗaya. Ita ce ke aikin hinji. Duk inda sanda biyu suka haɗu, shimfiɗar ce ke lanƙwasawa. Idan ƙofa tana da sanduna 40, to tana da mahaɗa 39, kuma duka ƙyalle ɗaya ne ke riƙe da su.

Na uku kwarmi: siririn rami mai kama da ƙaramin lambatu, ɗaya a kowane gefe, wanda bakin sandunan ke gudu a cikinsa. A wasu kabad ɗin kwarmin yana lanƙwasawa ya bi baya. A wasu kuma yana ƙarewa da naɗi irin na katantanwa, inda ƙofar ke dunƙulewa idan an buɗe ta.

Ka lura da abu guda: shimfiɗar tana cikin lanƙwasa ne kullum, fuskar sandunan tana waje. Shi ya sa idan ƙofar ta zo kwana za ka ga tsakanin sandunan ya ɗan buɗe ta gaba.

Me ke kashe ta?

Zafi ne kan gaba. Tirelar alminiyon da aka rufe a rana tana zafi kamar motar da aka bari a fili, gam ɗin baya ya yi laushi da rana ya daskare da dare, shekara da shekaru, har ya zama gari. Da zarar shimfiɗar ta saki a wuri ɗaya, sandar wurin za ta karkace, bakinta ya cije a kwarmi, mai buɗewa ya ƙara ƙarfi, shimfiɗar ta ƙara yagewa.

Sai danshi. Tsofaffin tireloli suna yoyo ta taga da mahaɗar rufi. Matsattsen garin katako idan ya sha ruwa kumbura yake yi, kuma ko ya bushe ba ya komawa kaurinsa na da. Bakin sanda da ya ƙaru da rabin milimita ya isa ya hana ƙofa motsi.

Akwai kuma girgizar hanya, wadda ke kwance sukurori ta sa kabad ɗin ya goce daga daidaitonsa, da robar kwarmi da ta tsufa ta yi gautsi, da datti. Wani lokaci ma cokali ne ko murfin kwalba ya faɗa bayan kabad ya tare hanya.

Ka gano matsalar kafin ka kwance komai

A rubuta manhaja akwai ƙa'ida: kar ka taɓa lambar da ba ka tabbatar ita ce ke kawo matsala ba. Haka nan ma. Sassa uku ne, don haka tambayoyi uku ne, kuma wayarka za ta taimaka wajen amsa su.

Da farko ka tabbatar tirelar a daidai take tsaye. Jikinta yana ɗan murɗewa idan ƙasa ba ta daidaita ba, ko an matsa jak ɗin kusurwa fiye da kima, kuma wannan kaɗai kan sa ƙofa lafiyayya ta cije. Ka ɗora wayarka a kan kanta ka duba da manhajar auna daidaito. iPhone tana da ita a cikin Measure, a Android kuma akwai su kyauta da yawa.

Sannan ka kwashe kayan kabad ɗin, ka kunna tocilan, ka tura wayar ciki tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, kai kuma kana jan ƙofar a hankali daga tsakiyar mariƙinta. Ga yadda za ka karanta abin da ka gani:

- Idan ƙofar tana cijewa a wuri ɗaya na kwarmin ko wace sanda ce ta zo wurin, laifin kwarmi ne: tsagewa, datti, ko kan sukuru da ya fito.
- Idan sanda ɗaya ce ke cijewa duk inda ta je, laifin sandar ne, ko ta kumbura ko ta karkace.
- Idan ƙofar tana tafiya a karkace, gefe ɗaya yana riga ɗaya, ko kana ganin haske tsakanin sanduna a inda hanya take miƙe, shimfiɗar baya ce ta saki.
- Idan tana da nauyi daga farko har ƙarshe, ka auna tazarar kwarmi biyun a sama, a tsakiya da ƙasa. In awon ya bambanta, kabad ɗin ne ya goce.

Kar ka yi mata dole. Asalin waɗannan sanduna da launinsu ba a samun su cikin sauƙi yanzu, kowace ka karya sai ka nemo ta a jikin wata tsohuwar tirela.

Ciro ƙofar

Ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, musamman yadda mariƙin yake zaune da inda kowane sukuru ya fito. Yawanci sai an cire mariƙin da ɗan abin da ke tsayar da ƙofar a ƙarshen kwarmi, ko katakon fuskar kabad ɗin, kafin ta zaro. A Airstream za ka haɗu da ƙusar ribit da yawa, galibi mai kaurin inci 1/8, wato kusan milimita 3.2. Ana cire ta da injin huda mai baki daidai da kaurinta, a ci kanta kawai har ya fita. Kar ka bari bakin injin ya nutse cikin bango, domin wayoyin lantarki suna bin tsakanin fatar ciki da ta waje. Ka cire tirelar daga wutar gari ka kuma cire kan batir kafin ka fara.

Idan sandunan sun riga sun rabu, ka manna salatif ɗin takarda irin na masu fenti a fuskar kowace ka rubuta lamba. Zanen katakon a jere yake, kuma kowace sanda ta riga ta goge daidai da mazauninta.

Sabunta shimfiɗar baya

Wannan shi ne gyaran da ya fi yawa, kuma shi ne mafi arha. Kayan aikin: yadin kanbas na auduga ko wani yadi mai ƙarfi da ba ya miƙewa, gam, faffaɗan katako mai santsi, siraran katako uku ko huɗu, sanfefa, reza, buroshi, da kyandir.

1. Ka wanke yadin, ya bushe, ka goge shi. Auduga tana tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke kafin a manna ta.

2. Ka kankare tsohuwar shimfiɗa da busasshen gam daga bayan sandunan, ka bi da sanfefa sama-sama. Sabon gam ba ya kama tsohon da ya zama gari. Ka goge ƙurar da busasshen ƙyalle.

3. Ka haɗa firam a kan faffaɗan katakon. Ka kafa siraran katako biyu su yi kusurwa irin ta harafin L. Wannan kusurwa ita ce ran aikin, domin in ta karkace ƙofar ma za ta fito a karkace. Ka auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu dole ta zama 50 cif.

4. Ka goga kyandir a gefunan sandunan inda suke haɗuwa da juna, ban da bayansu. Kakin zai hana gam ɗin da ya zurara manne sanda da 'yar'uwarta.

5. Ka jera sandunan bisa lambobinsu, fuska a ƙasa, bakinsu ya tokari katakon gefe. Ka matse su da katako na uku har ba sauran tazara, ka kafe shi. Idan suna neman tashi sama, ka danne bakunansu da wani siririn katako.

6. Ka auna zurfin kwarmin, ka ƙara milimita 2 ko 3, ka rufe wannan faɗin da salatif a duka bakunan biyu. Yadi ba zai shiga kwarmi ba. In ya shiga zai ƙara kauri, ya riƙa goguwa har ya tuje.

7. Ka yanka yadin bisa tsawon zarensa, ya bi hanyar da ƙofar ke tafiya. Kowane tela zai gaya maka yadin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi. Ka bar rarar santimita 3 zuwa 5 a ɓangaren mariƙi.

8. Ka shafa gam siriri, ka shimfiɗa yadin daga gefe ɗaya zuwa ɗayan kana lallatsa shi da wani guntun katako don iska ta fita.

9. Idan farin gam ne, bayan kamar awa ɗaya ka ciro ƙofar a hankali ka lanƙwasa kowace mahaɗa sau ɗaya don ka raba duk inda gam ya haɗe, ka mayar da ita ta kwanta a miƙe da nauyi a kanta. Ka ba ta awa 24 kafin ka saka ta.

Maganar gam tana buƙatar tsayawa. Farin gam na kafintoci yana kama abin da ke tsotsar ruwa, irin katako da auduga, kuma yana ba ka lokacin gyara yadin in ya karkace. Gam irin na masu takalmi, wanda aka fi sani da Evo-Stik, ana shafa shi a ɓangarori biyun, a jira ya sha iska, sannan a haɗa. Yana kama roba da leda, amma da zarar ya taɓa ya kama ke nan, babu gyara, kuma sinadarinsa na iya cin wasu robobin, don haka a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna.

Tururin irin wannan gam yana kama wuta. Firjin waɗannan tireloli yana aiki da iskar gas, da ɗan harshen wuta a bayansa kamar tsohon firjin kananzir, haka ma tukunyar dafa ruwan wanka. Ka yi aikin gam a waje, inda iska ke kaɗawa. In dole sai a ciki, ka rufe tukunyar gas ka tabbatar kowace wuta ta mutu.

Abu biyu da ba sa aiki: salatif mai ƙarfi irin na ɗaure kwali, wanda gam ɗinsa ke narkewa da zafi ya bar danƙo a kwarmi, da sufa gulu, wanda ke bushewa ya yi tauri kamar gilashi ya karye a lanƙwasar farko.

Kula da kwarmi

Ka wanke shi da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ya bushe sarai. Kar ka sa fetur ko tina, suna fasa tsohuwar roba. Idan akwai tsagewa, ka tallafe ta daga baya da gam mai haɗi biyu, ka goge cikin da sanfefa mai laushi har yatsanka ya daina jin tudu. Idan robar ABS ce, ana iya narka ɓarɓashin ABS a cikin asiton a cike tsagar da shi, domin asiton yana narka wannan roba ya haɗe ta. Ka ɗiga kaɗan a bayan kwarmin ka gani: in wurin ya yi danƙo, dabarar za ta yi aiki.

Don santsi, ka goga kyandir a bakin sandunan da cikin kwarmin. Man inji da giris suna tara ƙura su zama taɓo, kuma garin katako yana tsotse mai ya kumbura. Bakin sandar da ya kumbura kuwa, ka rage shi da sanfefa daga baya kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ka shafa masa siririn banish don kar ya sake shan danshi.

Idan sai an canja: lissafin da ke hana asara

Idan sandunan sun ruɓe ko da yawa sun ɓata, sai a sa sabuwa. Ana sayar da tambur a shimfiɗe, sau da yawa mai girman ƙafa 4 da ƙafa 8, na katako, na roba, ko mai fuskar alminiyon, a yanka daidai buƙata. Ka tabbatar na ƙofa ne, domin akwai wanda aka yi don ado a jikin bango ko ginshiƙi, wanda sau ɗaya ake lanƙwasa shi a manne, bayansa ba zai jure buɗewa da rufewa ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne auna kauri kaɗai. Mutum ya ga kwarminsa milimita 4 ne, ya sayo tambur mai kaurin milimita 3, ya ga yana gudu lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, da ya zo kwana sai ya tsaya cak. Dalili shi ne sanda miƙaƙƙiya ce, kwana kuma lanƙwasasshe. A cikin kwana, kusurwoyin sandar biyu suna tokarar bangon waje, tsakiyarta tana tokarar bangon ciki, don haka tana buƙatar fili fiye da kaurinta.

Ana ƙiyasta wannan ƙarin fili haka: faɗin sanda sau faɗin sanda, a raba da 8 sau radiyos ɗin kwanar. Radiyos shi ne nisan tsakiyar da'ira zuwa bakinta.

Mu ɗauki misalin kwana mai radiyos milimita 40. Sanda mai faɗin milimita 12: 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 320, an samu 0.45. A haɗa da kauri 3, ana buƙatar 3.45, za ta wuce a kwarmi mai milimita 4. Sanda mai faɗin milimita 20 kuwa: 400 a raba da 320, an samu 1.25, jimilla 4.25. Ba za ta wuce ba, duk da kaurinsu ɗaya. Ka lura faɗin bai kai ninki biyu ba, amma ƙarin filin da ake buƙata ya kusan ninka uku.

Don samun radiyos, ka ɗora takarda a kan kwanar ka goga fensir ta fito, ka gwada da murafan kwalabe da kofuna har ka sami wanda ya zauna daidai, ka auna faɗinsa ka raba biyu. A kwarmi mai naɗin katantanwa, zagayen can ciki ne mafi matsi, shi za ka auna.

Sauran awon: tsawon sanda ya gaza tazarar gindin kwarmi zuwa gindin ɗayan da kamar milimita 1.5 zuwa 2. Tsawon ƙofar duka kuma kar ya wuce na tsohuwar, domin katantanwar iya abin da za ta haɗiye ke nan, in ya yi yawa ƙofar ba za ta buɗe duka ba. Idan sabon tambur ya fi kwarmin kauri, kafinta zai iya rage kaurin bakunan kaɗai. Wajen yanka, a manna salatif a kan layin, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora don kar fuskar ta ɓantare. Kafin ka yanka babban, ka yanki siririn tsiri ka zura shi a kwarmin daga farko har ƙarshe.

Ka kuma kula da nauyi. Katako zalla ya fi kyau a ido, amma ƙofar sama mai nauyi tana iya zamowa ta rufe da kanta, ko ta yi tsalle ta buɗe a kan hanya mai gargada, kwanuka su zubo. Ɗan maganaɗisu ko sakata a mariƙi yana magance wannan.

Inda injin ɗab'i na 3D ya shigo

Katantanwar roba da mariƙi su ne suka fi wuyar samu, kuma a nan ne masu ilimin kwamfuta suke da abin yi. Ana auna tsohon, a zana shi a FreeCAD ko OpenSCAD, duka kyauta ne, a buga sabo. OpenSCAD ya fi daɗi ga mai rubuta manhaja, domin da lambobi ake zana siffa. Naɗin katantanwa lissafi ne mai sauƙi: a kowane zagaye, radiyos yana ƙaruwa da faɗin kwarmi haɗe da kaurin bangonsa. In gwaji ya nuna matsi, lamba ɗaya za ka canja ka sake bugawa.

Zaɓin roba yana da muhimmanci. PLA, wadda aka fi bugawa da ita, tana fara laushi a kusan digiri 60 na ma'aunin Selsiyos, zafin da cikin abin hawa a rufe kan iya kaiwa. PETG tana jurewa zuwa kusan 80, ABS kuma kusan 100. A buga katantanwar a kwance, yadda layukan bugun za su bi hanyar da sanda ke gudu, in ba haka ba za ta riƙa karo da su kamar mota a kan tudun rage gudu.

Me ya haɗa wannan da wayarka?

Allon OLED yana lanƙwasuwa, amma shi kaɗai ba ya iya tsayawa a miƙe ya jure dannawar yatsa. Talabijin ɗin LG Signature OLED R mai inci 65, wanda aka nuna a bikin CES na 2019, yana naɗewa ya shige akwatinsa, kuma a bayansa jerin siraran sanduna ne ke tallafe shi. Oppo X 2021, wayar gwaji da ke buɗewa daga inci 6.7 zuwa 7.4, an ƙarfafa bayan allonta da siraran layukan ƙarfe. Wato tambur ne aka juya: a kabad ana kallon sanduna, shimfiɗa tana ɓoye, a nan kuwa shimfiɗar ce allon da kake kallo.

Abokan gabar ma ba su canja ba. A watan Afrilun 2019 Samsung ta ɗage fitar da Galaxy Fold zuwa Satumba bayan allon wasu wayoyin gwaji ya lalace, kuma cikin dalilan akwai datti da ya shiga ta wajen hinji. A Galaxy Z Flip na 2020 sai ta sa siraran zaruruwa a cikin hinjin su riƙa share ƙura. LG ta nuna wayarta mai naɗewa a Janairun 2021, ta sanar da barin kasuwar waya a Afrilun shekarar kafin ta kai ga masu saye. A 2025 Lenovo ta fito da kwamfutar cinya mai allon da ke miƙewa daga inci 14 zuwa 16.7.

Don haka in irin waɗannan na'urori suka fara zuwa hannunmu, tambayoyin da mai gyaran kabad ke yi su ne naka: yaya matsin kwanar da allon ke bi, me ke hana ƙura shiga, kuma in abin da ke lanƙwasawa ya gaji, ana iya canja shi kaɗai ko sai an jefar da duka? Ga mai zaune inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ta biyun ba ƙaramar tambaya ba ce.

A taƙaice: gyara ko canji?

Idan sandunan suna nan lafiya, shimfiɗa kawai ta saki, ka gyara. Kuɗin yadi da gam ne da aikin yini biyu, kuma tirelar ta riƙe kamanninta na asali, abin da masu sayen tsofaffin tireloli ke dubawa. Idan sanda biyu ko uku ne suka lalace, ka mayar da su can ƙarshen da ke ɓuya a cikin naɗi, ka kawo masu kyau gaba. Idan ruwa ya cinye yawancinsu, ka toshe yoyon tukuna, sannan ka yi lissafin kwana kafin ka sayi komai.

Za ka iya gwada hannunka ba tare da tirela ba. Akwatin burodi mai murfin naɗi, kabad ɗin ofis, da murfin wurin ajiye kofi a tsakiyar wasu motoci duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Ƙofar shago ta ƙarfe ma haka, sai dai ita sandunanta maƙale suke da juna ba tare da yadi ba. Ko ka sami sandunan askirim 20, guntun tsohon wandon jins da farin gam, ka jera su a firam kamar yadda aka bayyana a sama, ka ga ko za ta naɗu a jikin kofi.